Shanun da Ba Su da Ƙafar Baya

Da sanyin safiyar Litinin, kafin rana ta fara yi wa N'Djamena gashin da ta saba yi mata a watan Afrilu, aka tarar da rami na tara na Kulob ɗin Giginya ya koma tamkar makwancin shanu. Wanda bai san wasan golf ba zai ce mene ne abin tashin hankali a ciyawa? To, wannan ba irin wadda akuya ke tsinka a bakin kwata ba ce. Da'ira ce mai faɗin tsakar gidan attajiri, masu wasan suna kiranta girin, a nan ramin da ƙwallo ke faɗawa yake. Tun ƙarshen damina ake gyaran filin. An tone tsohuwar ƙasa, an zuba tsakuwa da yashi, an binne sababbin bututun ruwa, an ɗaga dandamalin da ake tsayawa a yi bugun farko, sannan aka shimfiɗa ciyawa mai laushi falle-falle kamar darduma. Girin na tara shi ne na ƙarshe, shi ne kuma a gaban barandar da manya ke zama shan shayi. Yanzu ga shi an dame shi da kofato, kashin shanu ko'ina, wayar shinge kuma a yanke ta gefen burtali.

Burtalin ya girmi kulob ɗin nesa ba kusa ba. Ta nan shanu ke gangarawa Kogin Shari tun wurin yana dajin ƙaya, kuma a wannan bazarar garke ɗaya ne ke bin sa safe da yamma, garken Bappa, wani dattijon Bafulatani mai fataucin shanu da ke zaune a unguwar Habbena. Ba a tsaya dogon tunani ba. Kafin hantsi jandarmomi sun kora garken kaf sun kulle a wani kango bayan ofishinsu da ake kira birgad, inda babu inuwa sai ta katanga. Shugabannin kulob suka ce ranar Alhamis za su zauna, a sayar da shanun a gyara ɓarna, a kuma toshe burtalin kowa ya huta.

A Habbena magana ta rabu biyu. Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, shanun da suka daɗe ba su ga ɗanyar ciyawa ba, in sun hango ta ta cikin waya wa zai riƙe su? Wasu suka ce sharri ne, an jima ana harin burtalin. Da aka ji Komandan jandarma ya aika a kira Malam Abdulmuhaimin mai bin sawu, sai ɓangarorin biyu suka haɗu a kan abu ɗaya, ba su yarda da shi ba. Na farko suka ce abokin Bappa ne, rufa masa asiri zai yi. Na biyu, da Uzairu mahauci a gaba, suka ce wanda hukuma ta kira bakin hukuma zai yi.

* * *

Muhaimin, kamar yadda ake kiransa, jikan mahajjata ne, waɗanda suka taso daga ƙasar Katsina za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin Shari, zangon da har yau ba a tashi ba. Ya yi ƙuruciyarsa a bayan shanun fatake tsakanin Dourbali da Massaguet, a nan ya koyi karanta ƙasa. Siriri ne, mai jinkirin magana, kuma mutum ne da ba ya gaisawa da kowa sai ya fara duban ƙafarsa, halin da ya sa surukansa suka daɗe suna zaton kunya ce.

A bakin girin ya tarar da Komanda da Injiniya Halimatu Sa'adiya, 'yar unguwar Amriguébé, wadda aikin gyaran filin ke hannunta. Idanunta sun yi ja.

"Baba, gani ya kori ji," ta ce. "Na san kowane falle na ciyawar nan."

Komanda ya yi magana da Larabcin gari, yana sirka Hausa don girmama tsoho. "Malam, ba dogon aiki ba ne. Ka duba, ka ce mana kofaton shanun Bappa ne, kalas, shi ke nan."

Muhaimin bai shiga girin ba. Ya fita ta inda aka yanke wayar, ya tsuguna a burtali. Garken Bappa na nan a rubuce a ƙasa, ga bijimi mai tsagaggen kofato, ga tsohuwar saniya mai jan ƙafar hagu, ga maruƙa suna tsalle a gefe. Duk sun wuce ta gaban ɓarakar da tafiyarsu ta kullum, babu wadda ta ko karkata kai. Sannan ya dawo ya cire takalmi ya shiga cikin lakar, yana auna sawu da tafin hannu. Ya ɗauki kashin shanu ɗaya ya ɓare shi, cikinsa a bushe ƙamas. Ya daɗe har Komanda ya fara duban agogo.

"Komanda," ya ce daga ƙarshe, "shanun da suka shiga nan ba su da ƙafar baya."

"Wasa kake?"

"Da girmana? Kofaton gaba ya fi na baya faɗi, saniya kuma in tana tafiya takan ɗora ƙafar baya kusan inda ta gaba ta tashi. A nan ƙafa biyu ce kacal, duk ta gaba, ita ce ta zagaye filin nan. Sannan kofato mai rai in ya taka laka yakan buɗe saboda nauyi. Wannan a tsuke yake kamar hannun marowaci. Saniyar da ta yi ɓarnar nan an riga an yanka ta. Mutum ne ya ɗaura ƙafafunta a jikin itace yana kirɓa ƙasa, yana tafiya da baya yana shafe sawunsa."

Injiniya ta tsuguna ta duba da kanta, ta gyaɗa kai. Komanda ba mugun mutum ba ne, amma mutum ne mai tsoron na sama da shi. Ya sosa ƙeya.

"Sahi, gaskiya ne, maganarka ta shiga kunne. Amma ba zan kai wa manyan kulob matacciyar saniya ba, dariya za su yi min. Kawo min mutum mai rai. In babu mutum, shanu na nan har Alhamis."

* * *

Ya sami Bappa a bayan birgad yana ɗora jarkar ruwa a kan katanga, yana tsiyaya wa maruƙa a cikin wani tsohon daro. Abin da aka yarje masa ke nan. Manyan shanun sun taru a ɗan siririn inuwar katanga, haƙarƙarinsu na hawa da sauka.

"Kaɗo," in ji Bappa ba tare da ya juyo ba, "an ce kai za ka sayar da ni."

"Wa zai sayi tsohon Bafulatani? Ko kilishi ba za ka yi ba."

Bappa ya yi ɗan murmushi, murmushin bai daɗe ba. "Na kasuwa na sayar da su tun kafin azumi, Muhaimin. Waɗannan ba na kasuwa ba ne. Zuriyar shanun mahaifina ne. Waccan mai jan ƙafar, kakar kakarta ce ta shayar da ni lokacin da uwata ta rasu."

Bai roƙi komai ba, don irinsa ba ya roƙo. Muhaimin ya fi son a ce ya roƙa, da abin ya fi sauƙin ɗauka. Ya dubi tsohuwar saniyar, ya san wannan rana ba za ta bar ta ta daɗe ba, sai ya ji tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a lokacin da yake bin sawun ɓarayi masu bindiga. A bakin titi Uzairu mahauci na kan babur da wasu abokan sana'arsa.

"Malam, an sa hannu a takardar?" ya ce. "Ko sai an ba da goro?"

Muhaimin ya dubi ƙafar Uzairu kamar yadda ya saba, ya wuce abinsa.

* * *

Da Falalu maigadin kulob ya fara. Falalu ya riga ya rantse wa jandarmomi cewa da kunnensa ya ji kukan shanu, ya fito da tocila ya ga ƙahoni suna ficewa. Da ya sake ba Muhaimin labarin, ƙahonin sun ƙaru, har da wani baƙin bijimi da ya kusa tunkuyinsa.

"Allah ya kiyaye," in ji Muhaimin. "Babur ɗin can naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Tayar bayansa ta cinye a gefe ɗaya. Na ga sawunta a ƙaramar ƙofa. Ta fita a kan busasshiyar ƙasa, ta dawo a kan sawun tsuntsayen asuba. Bijimin a kan babur ya bi ka?"

Falalu ya zauna a kan benci ya faɗi gaskiya. Ashe da zarar manya sun watse sai ya ja ƙofa ya tafi unguwar Chagoua yin kabu-kabu, wanda 'yan gari ke kira kilando, ya dawo kafin gari ya waye. Bai ji komai ba, bai ga komai ba. Ƙahonin ya ƙirƙiro su ne don kada a tambaye shi inda yake.

"Wa ya san kana fita?"

"Duk 'yan shantiye, masu aikin gyaran nan, sun sani, Baba. Na waje ne ba su sani ba, don nakan bar rediyo a kunne."

Muhaimin ya so a ce Falalu ne, da aiki ya ƙare tun ranar. Amma mutumin da ke yawon ɗaukar fasinja a Chagoua ba zai kirɓa laka a nan ba. Abin da ya ƙaru da shi ɗaya ne, mai ɓarnar ɗan gida ne.

* * *

Ɗanyar ƙafar saniya da kofatonta ba abin da ake tsinta a titi ba ne. A duk kewayen kulob mutum ɗaya ce ke ajiye ta, Hansatu, mai rumfar farfesu a bakin babbar ƙofa. Kowa ya san tana da jiƙaƙƙa da shugabannin kulob, don sun ce in an gama gyara rumfarta za ta tashi, wai tana ɓata wa ƙofa kyan gani. Ta kuma faɗa a gaban mutane cewa Allah ya sa akuya ta cinye ciyawar tasu. Da Muhaimin ya tuna wannan, sai ya ga biri ya yi kama da mutum.

Ya je ranar Talata da hantsi, ya same ta tana babbaka. Ta tarbe shi da wuƙa a hannu da baki a gaba.

"Malam, in farfesu ka zo sha, zauna. In tambaya ce, jandarma ma sun yi sun gaji."

"Farfesu na zo sha. Yaushe Uzairu ke kawo miki ƙafa?"

"Da yamma. In rufe a buhu a bayan rumfa, da asuba in babbake."

"Jiya da kika buɗe buhun, sun cika?"

Hannunta ya tsaya. Ta dubi hagu da dama, muryarta ta yi ƙasa, wadda ba a saba ji a ƙasa ba. "Sun cika. Shi ne abin da ya hana ni barci. Biyu daga ciki na same su da laka da ɗanyar ciyawa a tsakanin kofato, ga shatin waya a jikinsu. Ina cikin mamaki na ji ana ihu a fili. Malam, da bakin da na yi a kan ciyawar nan, in na faɗa wa zai yarda ba ni ba ce?"

"Ina ƙafafun?"

"Na wanke, na babbake, na dafa."

"Wa ya sha?"

"'Yan shantiye. Komanda ma ya sha, har ya nemi ƙari."

Muhaimin ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin a kira shi. Ya dubi hannuwan Hansatu, ya dubi ƙafarta mai kumburin sanyi, ya san ba ita ta kwana tana kirɓa fili ba. Abin da ya tsaya masa shi ne mayarwar. Wanda ya ɗauki nama ya dawo da shi cikin buhu ya ɗaure baki, mutum ne da ke cin abincin matar kullum, yana jin nauyin ya cuce ta.

* * *

Masu cin farfesun Hansatu a shantiye sun fi a ƙirga, sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana jan su da hira. Wanda ya fi kowa sakin jiki da shi shi ne Haladu, shugaban masu aikin famfo, wani kakkauran mutumin Chagoua da ke kwana a rumfar bututu don kada a saci kaya. Ya dafa masa shayi, ya nuna masa injin da ke jawo ruwa daga kogi, yana shafa shi kamar doki.

"Haladu ne ya ceci girin ɗin nan ranar Asabar," in ji Injiniya da ta zo wucewa. "An ɗauke wuta, inji ya tsaya, rana na neman ƙone ciyawa. Shi ya yi ta jido ruwa a duro da amalanke yana ba ta da hannu. Ga shi kuma an zo an lalata masa."

Haladu ya sunkuyar da kai. "Aikina ne, Madam."

"Duk bututun nan da kuka binne," in ji Muhaimin, "yaya kuke gane inda suke bayan an rufe?"

"Wasu na kafa tuta," in ji Haladu, fuskarsa ta ɗan washe. "Madam ma ta ce in kafa. Ni kaina ne tuta, Baba. Saiwar giginya ta sa na matsar da wasu daga inda aka zana, amma ko an ɗaure min ido zan kai ka kan kowanne."

Muhaimin ya yaba shayin ya tafi. Bai zargi kowa ba a ranar, ya kwana da baƙin cikin cewa Alhamis na matsowa hannunsa babu komai.

Ranar Laraba ya koma girin, ya hau barandar manya don ya gan shi daga sama. Lakar ta bushe ta yi fari. A nan ya ga abin da idonsa ya tsallake ranar farko, don a lokacin kofato yake nema, ba inda babu kofato ba. A gefen da'irar akwai 'yan tsibiran ciyawa, kowanne kamar faɗin faifai, waɗanda ko sau ɗaya ba a taka ba. Sun kewaye girin, tazararsu kusan ɗaya. Ya sauka ya danna ɗaya da yatsa, ya ji tauri a ƙasa. Bai san mene ne ba, sai ya aika a kira Injiniya.

Ta sa wuƙa ta ɗaga fallen a hankali. Wani baƙin abu ne mai zagaye, sabo fil.

"Kan feshi ne," ta ce. "In an saki ruwa shi ke tasowa ya yi ta juyawa. Ba mu yanka musu ƙofa ba tukuna, sai ciyawa ta kama." Sannan ta dubi fallen da ke hannunta da kyau, ta tsinki ganye ɗaya ta murza. "Baba, wannan kofato bai taɓa shi ba, ko?"

"Bai taɓa ba."

"To me ya sa yake mutuwa?"

Suka dubi juna. Ta mayar da fallen yadda yake, ta miƙe ta nufi ɗakin ajiya da sauri, shi kuma ya nufi Habbena wurin Uzairu, ya ce ya ajiye masa ƙafar sa guda da kofatonta.

* * *

Ranar Alhamis shugabannin kulob suka zauna a baranda da fararen riguna. Komanda ya tara mutanen a bakin girin kamar yadda Muhaimin ya roƙa, Falalu yana zufa, Hansatu ta ci ɗamara, Haladu da 'yan aikinsa, sai Bappa a tsaye can gefe da sandarsa. Mahautan Habbena suka jeru a bayan waya ta gefen burtali, sun zo ganin yadda za a sayar da Bafulatani.

Muhaimin ya fito da taɓarya, an ɗaure mata ƙafar sa a baki. Ya kirɓa ta a wurin da aka jiƙa, sawu ya fito, tsukakke, irin wanda ya cika filin. Ya bayyana musu zancen ƙafar gaba da busasshen kashi. Ya ce Falalu ba ya nan a daren, Falalu ya amsa da kai yana kallon ƙasa. Ya ce an ari ƙafafun ne daga buhun Hansatu aka mayar.

"Ina suke?" in ji shugaban kulob. "A kawo mu gani."

"Ranka ya daɗe, shaidar ta shiga tukunya. Komanda zai iya ba da labarin ɗanɗanonta."

Dariya ta ɓarke a bayan waya, har Komanda sai da ya dara. Amma shugaban bai yi ba.

"Duk mun ji. Sai dai mai shanu ma ya san inda ake samun ƙafar sa. An hana shi kusantar waya, ya ji haushi, wa ya ce ba shi ba ne? Ko matar nan?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Bari in nuna muku yadda aka yi aikin, sai ku yanke."

Ya fara tafiya da baya yana kirɓa ƙasa, tim, tim, yana bin gefen da'irar. Tsoho ne, amma taɓaryar na da nauyi. Da ya iso kan tsibiri na farko, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ta sama da hannu biyu har bayan kansa.

"Baba, ba nan ba!"

Haladu ne. Ya riga ya yi taku biyu gaba, hannunsa a miƙe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Muhaimin ya sauke taɓaryar a hankali ya jingina da ita.

"Me ke nan, Haladu?"

"Kan feshi ne," ya ce. "Zai fashe."

"Ni ga ni a kansa da rana tsaka ban gan shi ba. Falalu, ka gan shi? Hansatu fa? Bappa, ka taɓa jin abin da ake kira kan feshi?"

"Ban sani ba ko ci ake yi," in ji Bappa.

"Injiniya ma da ta zana su ba ta san inda suka koma ba, don an matsar da su. Amma shanun nan sun san kowanne, cikin duhu, sun kewaye shi da ladabi. Ku duba." Ya bi tsibiran yana nunawa, Injiniya na ɗaga fallen, ƙarƙashin kowanne baƙin kan feshi lafiya lau. "Mutum na iya lalata aikin wani. Nasa kuwa hannunsa ba ya yarda."

Injiniya ta sa aka mirgino wani shuɗin duro. Ta ɗaga falle ɗaya sama don na baranda su gani, ya yi rawaya har saiwa.

"Wannan kofato bai taɓa shi ba, amma ya mutu. Girin ɗin ya mutu tun ranar Asabar, kafin a taka shi. A duron nan muka haɗa maganin kashe ciyawar hanya, da saura a ciki. Haladu, da shi ka jido ruwa?"

Haladu ya durƙusa a kan lakar. Ƙato ne, amma a lokacin ya koma ƙarami.

"Cikin sauri ne, Madam. Duk shuɗaye ne. Sai ranar Lahadi na ga alamar da ke gindinsa. Na san kafin mako ya fita ciyawar za ta ƙone, a ce Haladu ne, bayan kowa ya gama yabona. Na ɗauka in aka ga kofato za a ce tsautsayi ne. Wallahi ban zaci za a kama shanun ba."

"Da ka gaya min ranar," in ji Injiniya, ranta a ɓace, "da mun yaye ciyawar mun wanke yashin mun shimfiɗa wata. Ciyawa ce, Haladu."

Bappa ya matso, bai ɗaga murya ba. "Ba ka zaci za a kama su ba, na yarda. Da aka kama su fa? Kullum kana wucewa ta bayan birgad. Ba ka ji kukansu ba?"

Komanda ya dafa kafaɗarsa ya miƙar da shi. Shugaban kulob ya yi gyaran murya, ya ce an bar jaki ana dukan taiki, a saki shanun yanzu, burtali kuma yana nan inda yake, kulob zai gyara wayarsa. A bayan waya mahauta suka ɗauki sowa. Muhaimin ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, bai kuma ɓoye ba, ya bar haƙoransa a waje kowa ya gani.

* * *

Duk taron ya ɗunguma zuwa bayan birgad. Jandarman da ke riƙe da makulli ya buɗe ƙofar kangon ya yi tsalle gefe, don shanun da suka sha irin wannan ƙishi in sun ga hanya ba sa ganin mutum. Bappa ya tsaya a tsakiyar ƙofar, ya ɗora sanda a kafaɗa, ya yi musu magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Suka fito a jere suka tsaya a bayansa, suna huci.

Ɗaya ce ba ta fito ba. Tsohuwar mai jan ƙafa na kwance a gindin katanga, ta miƙe wuya, ta yunƙura ta kasa. Kowa ya san abin da ake yi wa saniyar da ta kasa tashi, kuma ga masu yin sa a tsaye. Uzairu ya ratsa mutane ya shiga, wuƙarsa a ƙugu. Bappa ya kawar da kai.

Uzairu ya zare wuƙar da kubenta ya miƙa wa Muhaimin.

"Malam, riƙe min. Na faɗa maka baƙar magana, ka yafe." Ya juya wurin abokan sana'arsa. "Ku kawo itace biyu da buhu. Mu da muka san inda nauyin saniya yake, mu za mu kasa ɗaga ta?"

Suka zura itacen a ƙarƙashinta, gaba da baya, suka yi bisimilla suka ɗaga. Ƙafafunta suka yi rawa, suka lanƙwashe, suka sake miƙewa. Hansatu ta kawo ruwa a daro ta jiƙa mata baki. Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, mahautan na riƙe da ita ta kowane gefe kamar masu rakiyar amarya.

Haka aka bi burtali, Bappa a gaba, garke a bayansa, tsohuwar da masu tallafarta a ƙarshe, Muhaimin na biye da wuƙar mahauci a hannu. Da iskar kogi ta bugo su, shanun suka ɗaga hanci suka fara sauri, amma babu wadda ta wuce sandar Bappa. Sai da ya taka ruwa da ƙafarsa sannan ya matsa gefe, suka bazu a bakin Shari suka kafa kai, ba ka jin komai sai zuƙar ruwa.

Bappa ya tsaya cikin kogin har gwiwa, rigarsa ta jiƙe, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Ya shiga kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tun daga bijimin har ƙaramin maraƙi. Kowacce ta ji nata sai ta ɗago kai, ruwa na zuba daga bakinta. Babu wadda ba ta amsa ba.